Mita Ɗari

Takardar izinin Makoso tana rataye a wuyansa cikin leda, kuma ya fi kula da ita fiye da sauran haƙoransa. Tun da aka mai da ruwan tekun garin Lubanda gandun da ba a kamun kifi, ba mai tura jirgi ya wuce bakin kogi sai mai wannan takarda. Shekara talatin yana jefa koma a wannan ruwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya iya. Sai da ya haura hamsin aka zaunar da shi a bencin 'yan makaranta mako uku, aka sanar da shi cewa teku tana da haɗari, sannan aka yarje masa ya riƙa kai baƙi kallon Manya.

Manya su ne kifayen nan da suka fi motar katako tsawo, masu tasowa su shaƙi iska su fesa ruwa sama. A takarda balen ake ce musu. Da sanyin Yuli suke zuwa haihuwa. A da, mutum kan ɗaga kai ya gan su, ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Yanzu kuwa sai wani ya baro ƙasarsa, ya yi kwana biyu a hanya, sauro ya yi masa kyakkyawar tarba, don kawai ya ga wutsiya ya fashe da kuka. Makoso bai taɓa gane wannan ba, amma da shi ake ɗora tukunya a gidansa, saboda haka ya daina tambaya.

Dokar ba ta da wuyar haddacewa. Kada jirgi ya matsa kusa da Manya fiye da mita ɗari, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. Wanda ya karya, a karɓe takardarsa har abada. Bara aka karɓe ta Pambu, maƙwabcinsa. Wata baƙuwa ce ta yi ta roƙonsa har ya matsa, hoton ya yi kyau ƙwarai, ya yi ta yawo a wayoyi har ya isa ofis. Yanzu Pambu yana taya matarsa hura wutar banda, idanunsa jawur, yana gaya wa duk wanda bai tambaya ba cewa hayaƙi ne.

Wadda ta rubuta sunan Pambu ita ce Bilongo, ma'aikaciyar gandu, 'yar garin ce, ɗiyar wani abokin Makoso da ya rasu. Takan shiga jirgi da littafi da wata 'yar na'urar auna tazara, ta zauna a gaba ba ta dariya. Tun bayan maganar Pambu mata suke ba ta rogo mafi tauri a kasuwa. Ita ce ta zo ran Laraba ta ce wa Makoso gobe zai ɗauki babban baƙo, Darakta Mintsa daga Libarbil, babban birnin ƙasar. Makoso ya san sunan. Shi ne a ƙasan takardar da ke wuyansa, da sa hannu mai doguwar jela.

Darakta ya iso da safe cikin sabuwar malafa, da rigar ceto wadda ta ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Tun kafin a tura jirgi ya bayyana musu cewa wata mai zuwa zai tsaya a gaban wani taro a ƙasar waje, ya yi bayanin yadda yake kare waɗannan halittu. Abin da ya rage masa hoto ne, shi a gaba, kifin a bayansa. Ya tambayi Makoso ko ya san muhimmancin balen ga duniya. Makoso ya ce an gaya masa a aji. Da suka tsallake igiyar ruwa ta bakin kogi, Darakta ya sunkuya a gefen jirgi ya mayar wa teku da kumallon da aka ba shi a masauki, daga nan jawabi ya ragu.

Sun yi kusan awa biyu kafin Makoso ya hango feshin ruwa. Uwa ce da ɗanta, suna tafe a hankali kamar masu dawowa daga gona. Ya rage wuta, ya bi ta gefe, da Bilongo ta ɗaga hannu ya tsaya. Baƙin bayan uwar ya taso yana sheƙi, ɗan yana manne da ita, sai numfashinsu kake ji.

Darakta ya juya musu baya, ya miƙa wa Bilongo waya ta ɗauka. Ya karɓa ya duba. A hoton akwai shi, akwai malafarsa, akwai wani ɗigo a kusa da kunnensa mai kama da ƙuda.

“Direba, matsa.”

Makoso ya ce, cikin ladabi, nan ne iyaka.

“Wa ya sa iyakar?”

“Kai ne, ranka ya daɗe.”

“To ni ne nake cewa ka matsa.”

Ya faɗe ta yana murmushi, kamar mai ba da kyauta. Ya ƙara da cewa mita ɗarin nan ma a wajen cin abinci aka tsayar da ita, wani ya ce hamsin, wani ya ce ɗari biyu, shi ya raba musu gardama. Kifin bai halarci taron ba, bai san da ita ba.

Makoso ya dubi Bilongo. Ta sami wani abu mai ban sha'awa ƙwarai a kan takalminta. Ya yi mata magana da harshen garin, wanda Darakta ba ya ji.

“'Yata, in na matsa za ki rubuta?”

“Abin da na gani zan rubuta, Baba.”

“In na ƙi fa?”

“Shi ke sabunta takardu a watan Janairu.”

Makoso ya juya maganar a ransa, hannunsa a kan sandar inji. In ya matsa, hoton zai hau bango a ƙasar waje, wani mai ido zai auna tazarar, a tambayi waye direban, kuma ba za a tambayi waye fasinjan ba. In ya ƙi, takardarsa za ta je teburin mutumin nan ta kwanta a ƙarƙashin wasu takardu har ta manta sunan mai ita. Ko ta ina, wutar banda ce ke jiransa, kusa da Pambu. Ya tambayi Darakta ko zai rubuta umarnin a 'yar takarda ya sa hannu. Darakta ya yi dariya ya ce mutanen bakin teku akwai barkwanci.

A nan ne wata dabara ta faɗo wa Makoso, ya ji daɗinta har ya kusa yin murmushi. A aji an maimaita musu cewa laifi na wanda ke riƙe da inji ne. Sai ya saki sandar, ya matsa gefe, ya share wurin zaman da tafin hannunsa.

“Ranka ya daɗe, dokar taka ce, ruwan naka ne. Ni hannuna ba zai iya ba. Ga inji.”

Ya yi zaton mutumin zai ji kunya ya zauna. Bai yi tunanin cewa wanda ya saba a ba shi kujera ba ya tambayar ko ta mece ce ba. Darakta ya taso yana dafa kafaɗun mutane, ya ce ai yana da ƙaramin jirgi a gidan surukinsa, ya zauna, ya murɗa sandar gaba ɗaya kamar mai matse wanki.

Jirgin ya ɗaga hanci ya zabura. Bilongo ta faɗi a kan littafinta. Darakta ya so ya karkata hagu, ya tura sandar hagu, jirgin ya tafi dama, kai tsaye wajen ɗan kifin. Makoso ya ga farin tumbin ɗan a ƙarƙashin ruwa yana juyawa, ya ga uwar ta lanƙwasa. Ya faɗa kan Darakta da dukan nauyinsa ya fizge igiyar kashe inji. Jirgin ya ci gaba da sulalawa shiru. Wutsiyar uwar ta taso a gefensu, faɗinta ya rufe musu rana, ta sauko ta daki ruwa. Rabin teku ya zubo musu a jirgi. Malafar ta tafi.

Can nesa uwar ta sake tasowa, sai bayan wani lokaci mai tsawo ɗan ya taso a gefenta. Makoso ya zuba ido yana neman ja a cikin ruwa. Bai gani ba, amma daga mita ɗari uku ba a ganin komai. Ya ɗauki gwangwani ya fara kwarfe ruwa. Darakta, jiƙe sharkaf, ya tambaya ko an ɗauki hoton wutsiyar. Ba a ɗauka ba.

A bakin gaɓa Darakta ya gode wa Makoso, ya ce gaskiya injin yana bukatar gyara, ya shiga mota.

Bayan kwana tara Bilongo ta zo gidansa da ambulan. Ta same shi a inuwa yana cin rogo da busasshen kifi, ta ƙi zama. An dakatar da takardarsa wata uku, saboda ya miƙa jirgi ga mutumin da ba shi da izinin tuƙi. Sa hannun mai doguwar jela yana ƙasa.

Makoso ya karanta sau biyu, da yatsa. Ya ce ashe dai Darakta ya san ba shi da izini, wannan ma ci gaba ne. Sannan ya tambaye ta mita ɗarin fa. Ta ce ta rubuta duka, da tazarar da sunan wanda ke riƙe da inji, amma shafin farko kawai aka ga ya dace a yi aiki da shi. Ta ce ya gode wa Allah, wata uku ba har abada ba ne. Ya lissafa da yatsu, ya ga ranar da za a maido masa da takardar, Manya sun riga sun yi mako biyu da tafiya, baƙi ma haka.

Ya ce mata shi dai ya san bai karya doka da hannunsa ba.

“Haka ne, Baba. Da kai ka matsa, da a hankali za ka matsa, ta gefe, inji a kashe. Ba abin da zai taɓa ɗan. Sai ka tsare hannunka, ka ba wanda bai iya ba.”

“Da kin rubuta ni.”

“Da na rubuta ka.”

Ta miƙo hannu. Ya ciro ledar daga wuyansa ya ba ta, ta sa a jaka ta tafi.

Ya daɗe a zaune, rogon yana bushewa a gabansa. Yana so ya ji haushin Darakta, amma haushin ya ƙi tsayawa a can. Tun a jirgi ya san abin da ya tsare, kuma ba ɗan kifin ba ne. Abin da ya kasa warwarewa shi ne, da ya yi abin da ya fi wa kifin, da an kore shi har abada, da ya yi abin da ya fi muni kuma, sai aka ba shi wata uku. Ya juya lissafin ta kowace fuska, bai fita ba.

Daga bayan danga Pambu ya leƙo, yana goge ido da gefen riga. Ya ce ya ji labari, kuma kada Makoso ya damu, a wutar banda itacen mangwaro ya fi saurin kamawa, amma ya riƙa zama ta inda iska ke fitowa.