Sunan da Inna Ta Zaɓa

Daren jiya barci ya kai ni wani gari a mafarki, inda mutane ke tura wayoyinsu a baro. Kowace manhaja da mutum ya saka sai ta ƙara wa wayar nauyi da girma. Tawa ta kai girman ƙyauren zaure, na jingine ta da bango ina hutawa.

Daga cikinta na ji muryar mahaifiyata.

"Ɗantani, shigo in faɗa maka sunan jaririyarka. Gobe suna, kar liman ya zo ka tsaya kana raba ido."

Na tura gilashin wayar kamar ƙyaure, ya ƙi buɗuwa. Na shafa shi da yatsa, ya yi dariya, wai yana jin cakulkuli.

A gefen hanya akwai ofishi a gindin ɗorawa. Wata akuya ce a kan kujera, da tabarau, tana tauna igiyar caji.

"Ranki ya daɗe, wurin Inna nake son shiga."

"Kana da manhajar shiga?"

"Ba ni da ita."

"To da me ka saba shiga wurinta?"

"Da sallama."

Ta cire tabarau ta dube ni da tausayi. Ta ce an daina wannan tun bara. Sai ta miƙo mini ƙwai mai ɗumi, ta ce in riƙe.

Ƙwan ya fashe a tafin hannuna, 'yan tsaki suka yi ta fitowa. Na farko ya ce shi ne manhajar shiga. Na biyu ya ce shi ke sauƙaƙa amfani da na farko. Na uku ya ce aikinsa tuna mini cewa ina da na biyu. Na tambayi wani ɗan ƙarami mai ƙafa ɗaya aikinsa, ya ce bai sani ba tukuna, amma in amince.

Na amince. Ina son in ga abin da zai faru.

Sai ga ni a wani dogon soro. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, don haka kowa ya taka lemarsa yana tafiya a kanta. Manhajar tafiya ta ce kar in wahala, ta karɓi ƙafafuna suka yi gaba. Na bi su a baya da gwiwar hannu, ina mamakin yadda duga-dugaina suka tsage haka ban taɓa lura ba.

Kafin in isa, manhajar gaisuwa ta riga ni. Daga nesa na ji ta da muryata sak, ta durƙusa tana tambayar kwana, da gajiya, da ciwon gwiwa, da kaji, har da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ɗantani bai iya gaisuwa haka ba."

Na same ta a tabarma tana tsince shinkafa, ƙafafuna na zaune gefenta sun harɗe. Na mayar da su.

"Inna, wane suna kika zaɓa?"

Ta buɗe baki, amma wani ɗan tsako ya yi tsalle ya cafe maganar tun tana iska. Ya haɗiye, ya juyo gare ni.

"A taƙaice, ta ce mace ce."

"Na san mace ce. Sunan nake so."

"Sunan ya yi tsawo. Na sauƙaƙa maka."

Na roƙi Inna ta sake faɗa. Wani ya cafe ya ce ya fassara mini, sunan na nufin alheri. Wani ya ce ya adana shi a gajimare, kuma na ɗaga kai na ga ruwan yana tafiya da shi sama. Can waje na fara jin gyaran muryar liman.

Inna ta zubar da shinkafar faifanta a ƙasa. 'Yan tsakin suka ruga kanta, ta ɗauki kwando ta kife su duka. Wuri ya yi tsit.

"Matso da kunnenka," ta ce.

Na matsa har ina jin ƙamshin man kaɗanya a zanenta. Ta ja numfashi, ta buɗe baki a hankali.

"Ha..."

Injin markaɗen maƙwabcinmu ya tashi da ƙara, na buɗe ido na ga gari ya waye. Na daɗe kwance ina jerawa a raina: Hajara, Habiba, Hansatu, Hafsatu. Ko kuwa dai hamma ce kawai ta zo wa tsohuwa.