Katako Biyu a Ƙafar Dogo

"Ku riƙe min shi! Kai, kama kafaɗar mana, ba kallo aka kira ka ba!"

Kafinta ne ke wannan ihu, yana durƙushe a bakin kwata, fensir na maƙale a kunnensa. Wanda ke kwance kuwa maƙwabcinsa ne, Dogo mai fenti. Tsani ya zame da shi daga saman bango, bokitin shuɗin fenti ya kife masa a hannu. Ƙashin ƙaurinsa na dama ya huda fata ya leƙo waje, fari fat, baƙin ruwan kwata na gangarawa a kansa.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce ta raba su. Kafinta ya haɗa ƙofa, Dogo ya shafa mata fenti, sannan su wuni suna musun wanda ya ɓata aikin wani. Shi Kafinta, Allah ya yi shi da idon da ba ya jure karkatacce. Ko hoto ya gani ya jirkice a ɗakin mutane, sai ya miƙe ya gyara kafin ya amsa gaisuwa. To ina ga ƙafar amininsa?

Ya kama diddigen ya ja. Ƙashin ya koma ciki. Dogo bai yi ihu ba, sai dai ya damƙe katakon da aka ajiye kusa da shi har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Kafinta ya kwara ruwan buta, ya naɗe wurin da zanin da matar Dogo ta miƙo tana kuka, ya sa katako biyu masu santsi dama da hagu, ya ɗaure tamau da igiya. Aiki ya yi kyau, ko ɗigon jini ba a gani.

A asibiti suka tarar da cunkoso, mota ta kife da mutane. Wata nas ta zo da sauri da takarda a hannu.

"Me ya same shi?"

"Karaya ce," in ji Kafinta.

Ta dubi ɗaurin. "Wanda ya yi wannan ya iya. Ku zauna can, za a kira ku ɗaukar hoton ƙashi."

Wallahi har daɗi Kafinta ya ji. Suka zauna a kan benci tun hantsi. Duk sanda ya yunƙura zai je ya yi magana, sai Dogo ya jawo rigarsa.

"Zauna, Gwani. Ba ka ga masu jini ba? Bari a duba waɗanda suka fi ni."

Sai bayan la'asar aka shiga da su. Likitar, wata siririya mai tabarau, ta warware zanin tana hira, can sai hirar ta tsaya cak.

"Wannan ai ƙashin ya fito waje. Ƙarfe nawa ya faɗi?"

"Wajen tara."

"Awa bakwai!" Ta kwaɗa wa nas kira a kawo allura, sannan ta juyo. "Baba, in ƙashi ya huda fata, ba hoto ake fara yi ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ake fara sawa ta jijiya, cikin awa ɗaya in da hali. Da kun faɗa a bakin ƙofa, da ko zama ba ku yi ba. Wa ya mayar da ƙashin ciki da dattinsa?"

Kafinta ya matso gaba. Ya buɗe baki ke nan, Dogo ya riga shi.

"Ni ne, likita. Da hannuna."

Ta dubi hannun da ke caɓe da fenti, ta dubi ƙullin igiyar da aka jera reras, ta dubi fensirin da ke kunnen Kafinta. Ba ta ƙara tambaya ba.

Likitocin ba su yi wasa ba, gaskiya. A ranar aka shiga da Dogo tiyata aka wanke ciwon, aka yanke naman da ya mutu, aka kafa ƙarafa ta waje suna riƙe da ƙashin. Magani iri biyu ake ɗura masa, saboda ruwan kwata ne ya shiga. Da ya farfaɗo ya ga ƙarafan, sai ya yi dariya.

"Ka ga, Gwani, tsani ya kayar da ni, sun ɗaura min wani a ƙafa."

Kafinta ya zaro awo daga aljihu, ya gwada daga hammatar Dogo zuwa diddige. Sandar dogarawa zai yi masa. "Kai da wannan tsawon naka, sai na sare bishiya guda."

"Ka dai yi ta a miƙe. Na san aikinka."

Kwana huɗu ana dariya. A na biyar zazzaɓi ya sauka. Aka ɗebi ruwan ciwon aka kai gwaji, aka canja magani, aka sake wankewa. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari, har matar Dogo tana fita baranda ta share hawaye ta dawo da murmushi. A kwana na tara aka yanke ƙafar daga gwiwa. Likitar ta kira Kafinta da matar Dogo gefe ta ce cutar ta riga ta shiga jini, amma ba su daina ƙoƙari ba.

Da hantsin kwana na sha ɗaya Kafinta ya same shi shi kaɗai, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Ya zauna a bakin gado.

"Dogo, ni na yi maka wannan. Ni na ja ƙafar. Ni na ce karaya ce kawai."

Dogo ya buɗe ido da ƙyar. "Mutum nawa ne a wurin?"

"Sun fi ashirin."

"Wa ya durƙusa cikin kwatar?"

Hawaye suka bi gemun Kafinta.

"To ka rufe min baki. Ni ma da na ce mu zauna a benci fa? In rabon laifi za a yi, ka ba ni rabina." Ya numfasa. "Ina sandata?"

"Saura gogewa."

"Kullum saura gogewa."

Washegari da safe Dogo ya cika, matarsa na riƙe da hannunsa.

Kafinta ya yi mako biyu bai buɗe shago ba. Ranar da ya buɗe, sandar na nan jingine da bango, doguwa, ba wanda za ta yi wa daidai a duk layin. Yana tsaye yana kallonta sai ya ji sallama. Matar Dogo ce, da abu a naɗe a hammata.

"Malam, saƙonka ne. Tun muna can ya ce in kawo maka. Wai katako ne mai kyau, kada a bar shi a asibiti."

Ta ajiye a kan teburin aiki ta juya. Katakon nan biyu ne. Ta wanke su tas, ba jini, ba datti. Sai dai a jikin ɗaya akwai shatin yatsu huɗu na shuɗin fenti, inda Dogo ya damƙe lokacin da ake jan ƙafarsa. Sabulu bai fitar ba.

Gogewa ɗaya za ta share shi. Kafinta ya ɗauki magogi, ya ɗora a bakin katakon, ya tsaya. Can ya mayar da magogin mazauninsa, ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora yatsunsa huɗu a kan na Dogo. Nasa ba su kai tsawon ba.