Katangar da Na Yi wa Lemo

Shekara talatin ina gini, ba a taɓa kirana an ce in zo in ga aikina ya zube ba. Shi ya sa da maiɗakina ta rasu, na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ce bari in yi wa bishiyar lemun tsaminta gata. Ita ta dasa ta a tsakar gida shekara shida da suka wuce, tun tana tsiron da bai kai gwiwa ba. Na zagaye ta da bulo layi uku, na shafe ciki da waje da siminti yadda ko ɗigon ruwa ba zai tsere ba, na cika da baƙar ƙasa har baki. Safe da yamma in saka tiyo sai wurin ya cika taf.

Bayan wata huɗu ganye ya fara yin rawaya yana zuba. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don duk gidan nan ba wani abu mai rai da hannunta ya raina sai wannan bishiya.

Ran nan surukata, mahaifiyar marigayiya, ta zo duba ni. Gajeriyar tsohuwa ce, ta haura saba'in. Filin bayan ɗakinta bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma ko muciya ta kafa a wurin sai ta yi ganye. Muna gama gaisawa ta dogara sandarta ta nufi lemon. Ta cusa hannu cikin ƙasar, ta damƙo ta shinshina, sannan ta kankare wani reshe da farce.

"Magini, wa ya yi wannan aikin?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, Mama."

"Ya yi kyau. Kwatamin wanka ka gina mata, ko rijiya?"

Raina ya ɗan sosu, amma suruka ba abar musu ba ce. Na ce ai gata na yi mata.

"Garin neman gira za ka rasa ido," in ji ta. "Ka binne mata wuya, ka toshe hanyar ruwa, kullum kana ƙara mata. Saiwa ma numfashi take yi. Ga kore nan a ƙarƙashin ɓawo, da sauran ranta. Ɗauko gudumarka."

Ban taɓa rushe ginin da na yi ba sai ranar. Kowane bugu sai in ji shi a haƙarƙarina. Da na kawo shebur zan kwashe ƙasar ta hana, wai zan sare saiwa. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, muka dinga yaye ƙasar da hannu. Ƙasar ta yi tsami, ɓawon gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Ina kallon yatsunta suna bin jikin itacen a hankali, suna share laka ba tare da sun ƙwarzane shi ba. Wallahi ban taɓa ganin gwanin aiki irinta ba, kuma na yi aiki da gwanaye.

Can ƙasa yatsanta ya maƙale da wani tsumma shuɗi. Yankin ɗankwalin marigayiya ne, wanda ta ɗaure tsiron da shi a jikin sanda. Mama ta warware shi, ta dube shi, ta ƙulle a bakin mayafinta. Muka ci gaba har sai da kan manyan saiwoyin ya bayyana.

Kafin ta tafi ta ja da'ira da sandarta daidai inda inuwar rassan ta tsaya.

"Nan za ka riƙa ba ta ruwa, ba a gindi ba. Da sassafe, sai ka cusa yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Ka baza busasshen ganye, amma ka bar taƙi guda tsakaninsa da itacen. Kwana goma kada ka taɓa tiyo."

Kwana goman nan sun fi mini ginin bene wuya. Sauran ganyen ma suka zube, bishiya ta koma tsirara, ni kuwa ina zagaya ta hannu a baya. A rana ta goma sha tara na ga toho guda huɗu a reshen da ta kankare, ƙanana, masu sheƙi. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na je na ɗauko Mama.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta kwance bakin mayafinta, ta ciro tsumman nan a wanke a ninke, ta saka mini a tafin hannu.

"Riƙe. Na ɗauka ne don in bishiyar ta mutu in sami abin dubawa. Yanzu ina da inda zan zo in zauna."

Hawaye suka zubo mini a gaban surukata, ban ɓoye ba. Washegari na tsinto bulon da suka tsira daga gudumata, na gina mata wurin zama. Ita ta nuna mini inda zan aza na farko, taku biyu bayan da'irar da ta ja.