Haƙoran Keken Marigayiya

Akwai wani hali da ya fi rowa ɓarna a cikin gida, shi ne babba ya ƙi barin na ƙasa da shi ya ƙarasa magana. Wannan halin shi ya ci wani dattijo da ake kira Na-Sani, kuma ga yadda ya ci shi.

Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran injin ban ruwa, kuma maganar gaskiya hannunsa na da kyau. Inji in ya yi tari, daga nesa ya san ciwonsa. Sai dai duk wanda ya buɗe baki zai gaya masa abu, kafin ya kai tsakiya ya tare shi da "na sani." Tun ana kiransa da sunan a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa.

Matarsa ta rasu da shekara guda. Ta bar ɗan keken ɗinki na lantarki, irin na gida, da akwati cike da zannuwa. Surukarsa, matar babban ɗansa, wadda ta koyi ɗinki a hannun marigayiya, ita ta yayyanka zannuwan ta harhaɗa su suka zama fuskar bargo, ta sa shuɗin zanen da marigayiya ta fi ɗaurawa a tsakiya. Bargon na 'yarsa Auta ne, wadda ta sami aikin jinya a wani gari mai nisa, kuma ranar Alhamis da safe mota za ta zo ɗaukarta. An shimfiɗa auduga, an sa shafi a ƙasa, an kama da fil. Saura ɗinkin da zai haɗe su ukun, wanda marigayiya ke kira ɗinkin yawo. Ba layi ake bi ba. Hannu ne ke juya bargon a ƙarƙashin allura, zare ya yi ta lanƙwasa kamar sawun tururuwa.

Ranar Litinin da hantsi keken ya fara wata 'yar ƙara. Na-Sani ya jiyo daga tsakar gida, ya zo ya ce keken mai yake so, a miƙo shi.

Yayarsa, wadda ke zaune tare da su tun da ƙafa ta fara ba ta wahala, tana kan kujera tana kallo.

"Injiniya, wannan fa ba injin rijiya ba ne. Ka ɗiga masa mai ka mayar wa yarinya abinta."

"Yaya, shekara talatin ina kallon mai keken nan tana wannan ɗinkin."

"Daga bakin ƙofa, kana tambaya ko abinci ya nuna."

Auta ta yi dariya. Dariyar ce ta ja komai. Na-Sani ya tattare bargon ya saɓa a kafaɗa, ya rungumi keken, ya ce a gabansu duka ba gyara kaɗai ba, shi zai ɗinka wa 'yarsa bargon uwarta da hannunsa, kuma keken nan ba zai fito daga ɗakinsa ba sai an gama.

Suruka ta biyo shi taku biyu, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, in za ku yi na yawo, akwai wani ɗan abu a bayan..."

"Na sani, 'yata."

Ya shiga ɗakin kayan aikinsa ya sa sakata. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, tebur ɗaya, sai tsofaffin sifanu rataye a bango da warin baƙin mai.

Man ya ɗiga, ƙarar ta ɗauke. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya cusa gefen bargon ƙarƙashin ƙafar keken, wato ƙarfen da ke danne yadi, ya taka feda. Bargon ya miƙe gaba, ɗinki ɗoɗar. Ya ja shi hagu, keken ya ja gaba. Ya ƙara ƙarfi, allura ta lanƙwashe ta daki farantin ƙasa ta karye. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

Sai ya ce ai ƙafar ce ke riƙe yadin. Ya ɗage ta sama ya yi ɗinki a haka. Daga sama abin ya yi kama da ɗinki. Da ya juya bargon ya ga ƙasan, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Bai san ɗage ƙafar ne ya saki zaren sama ba. Tunda a ƙasa ɓarnar take, ya yanke hukunci laifin na ƙasa ne. Ya zaro gidan kwarkwaro, inda zaren ƙasa ke zama, ya ɗaure ɗan notinsa da sukundireba kamar mai ɗaure kan inji. Daga nan zare ya koma tsinkewa duk bayan taku biyar.

Da azahar aka ƙwanƙwasa. Suruka ce da tiren abinci.

"Baba, da kun bari na nuna muku..."

"Ajiye nan. Na kusa."

Da ya jawo tiren ciki, ya ga wata 'yar takarda a naɗe kusa da kwano. Ya warware. Wata ƙafar keke ce, siririya, mai zobe a ƙasa da ɗan sifirin a jiki. Ya gane ta. Ya sha ganinta a cikin gwangwanin marigayiya. Ya jujjuya ta a tafin hannu, ya san ba banza aka aiko ta ba. Amma in ya ɗaura ta, ai ya karɓi darasi ke nan daga matar ɗansa. Ya mayar da ita cikin takardar, ya tura tiren waje da ita a kai.

Ranar Talata ta wuce a warwarar zare da reza. Ɗakin ya yi zafi, bargon ya cika teburin ya zubo a cinyarsa, fil na sukarsa duk inda ya juya. In ya fita alwala sai ya kulle ƙofar ya sa makulli a aljihu, ya wuce da sauri kada a tambaye shi. Sau ɗaya ya tsaya da hannu a kan sakata. Kalma huɗu ce kawai zai ce wa surukar: 'yata, zo ki duba. Sai ya jiyo muryar Yaya a tsakar gida.

"Shiru nake ji. Ko Injiniya ya koma ɗinkin hannu ne?"

Ya saki sakatar ya koma ya zauna.

Da la'asar Auta ta zo bakin ƙofa. "Baba, fito mu yi hira mana. Kwana biyu suka rage mini."

"Aikinki nake yi."

"To in leƙa in ga bargon?"

"Gobe."

Ya ji tafiyarta tana nisa. Bai taɓa jin ɗakin nan ya yi masa ƙunci kamar a lokacin ba, amma shi ya kulle kansa, kuma shi ya yi rantsuwar.

Ranar Laraba da safe ya sunkuya ya juya keken da hannu a hankali yana kallo. Sai ya gani. Wasu 'yan haƙoran ƙarfe ne ke fitowa daga cikin farantin, su cafki yadi su tura shi gaba, su nutse, su sake fitowa. Su ne ke kokawa da shi. A nan kam ya gano gaskiya, don ba a raina idon makanike. Da ya fita a lokacin ya tambaya yadda ake kwantar da su, da labarin ya ƙare lafiya. Amma shi a sana'arsa, ƙarfen da ya tsaya a hanya goge shi ake yi.

Ya kwance farantin, ya ɗauko magagari daga bango. Haƙoran na da tauri, sai da ya yi gumi sharkaf kafin ya shafe su, suka koma sumul kamar bayan cokali. Garin ƙarfe ya zuba cikin gidan kwarkwaro ya gauraya da man da ya ɗiga. Ya hura da baki, ya mayar da faranti.

Lokaci ya ƙure, don haka bai gwada a wani ƙyalle ba. Ya ce daga tsakiya ake farawa, haka ya ga marigayiya na yi. Ya kawo shuɗin zanen ƙarƙashin allura, ya sauke ƙafar da ya saba da ita, ya taka. Yanzu ba abin da ke tura bargon, ƙafar kuma ta danne shi tam. Allura ta yi ta sara wuri guda. Zaren ya fito baƙi ƙirin da mai. Keken ya yi gurnani ya tsaya cak, ya haɗiye shuɗin zanen cikin ramin allura.

Ya fizga. Zanen da ya sha wanki shekara da shekaru ba ya jure fizga. Ya yage kamar tsawon tafin hannu, auduga ta leƙo.

Ya daɗe zaune da yagaggen wurin a hannunsa. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin akwatinta a jiki. Aka kawo abinci, aka ɗauke, bai taɓa ba.

Ranar Alhamis da safe direba ya yi hon a waje. Na-Sani ya zare sakata ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ya koma gefe. Su ukun suka shigo, Yaya na dogara sanda.

Suruka ta dubi bargon, ta dubi haƙoran. Ta sa hannu ta zare ɗan akwatin roba da ke manne a gindin keken, ta zagaya da yatsa bayansa ta tura wani ɗan maɓalli. Aka ji ƙas. Abin da ya rage na haƙoran ya nutse ƙasa da kansa.

"Wannan nake son gaya muku, Baba," in ji ta. "A sauke su, a sa ƙafar da na aiko, shi ke nan. In an gama a tayar da su."

Bakinsa ya motsa kamar zai faɗi abin da ya saba. Bai fito ba.

Yaya ta ce, "Yau dai an bar ta ta kai ƙarshe."

Auta ta shafa shuɗin zanen, ta goge baƙin man da ya shafi yatsanta a gefen jakarta. "Ba komai, Baba," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. Direba ya sake hon. Ta durƙusa ta yi masa sallama, ta fita hannunta babu bargo.

Ga abin da Na-Sani ya rasa, a ƙirge. Allura tara. Gidan kwarkwaro ɗaya, wanda notinsa ya lalace. Haƙoran keke, waɗanda aka zaga shagunan masu gyara ba a sami irinsu ba, don tsohon yayi ne, saboda haka keken matarsa bai ƙara yin ɗinkin layi ba. Shuɗin zane ɗaya, da ba shi da na biyu a akwatin. Sai kwana uku na ƙarshe da 'yarsa ta yi a gidansa, waɗanda ya cinye a bayan ƙofa, ita tana waje tana ƙwanƙwasawa.