Yatsun Muniru Majemi

Kafin Gwalkos ta zama Gana, duk Zongon Kumasi babu wanda ya kai Muniru iya fiɗa da jima. Mahauta na kawo masa fatar rago, maharba daga Ejura na kawo ta mesa da ta damisa. In ya ɗora wuƙa a kan fata, yakan rabo ta da nama ba tare da huji ko ɗaya ba.

Aikin nan ne ya haɗa shi da Mista Holm, wani Bature ɗan Norwe mai injin yankan katako a hanyar Sunyani, wanda farauta ta shiga masa jini. Wata rana da hantsi motarsa ta tsaya a ƙofar gidan su Muniru. Brimah, yayan Muniru, dillalin goro ne mai jin Turanci, shi ya yi tafinta.

"Mista Holm ya ce zai tafi hutu ƙasarsu," in ji Brimah. "Daga can zai wuce arewa, inda ƙasa ta ƙare, ya ga duwatsun ƙanƙara, ya harbo wata farar dabba da suke kira beya. Kai yake so ka feɗe masa ita."

"Yaya, ina ni ina ƙarshen duniya?"

"Kai dai tafi. Wa ya taɓa zuwa can a duk Zongo? Sunan gidanmu ne zai ɗaukaka."

Da suka shiga cikin gida, Barkisu matar Muniru tana tace gasarar kokon da take sayarwa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Maigida, su a can ba su da masu fiɗa ne?"

Muniru ya so ya fasa. Amma Brimah ya riga ya baza labari har bakin Manhyia, fadar sarkin Kumasi, janyewa ta zama abin kunya. Muniru da Holm suka hau jirgin ƙasa zuwa Takoradi, daga can suka shiga na ruwa.

A ƙasar su Holm suka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai warin kifi, tare da wasu Turawa masu yawon buɗe ido. Suka yi ta tafiya arewa har itatuwa suka ƙare, har rana ta daina faɗuwa. Sai dai ta yi ta kewaya sama kamar akuyar da aka ɗaure a turke. A haka azumi ya riske shi. Ya ɗauka, ya zauna jiran magariba, magariba ta ƙi zuwa. Sai da jiri ya kayar da shi kukun jirgin ya nuna masa agogon bango, ya koma shan ruwa da agogo, zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Duk da haka ya ga abin da ya sa shi tasbihi. Ya ga ƙanƙara ta taho daga tsakanin duwatsu kamar kogin da aka ce wa tsaya, ta yi katanga a bakin teku, cikinta shuɗi kamar an rina a karofi. Wani lokaci gefe guda ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙarar aradu, tsuntsaye su tashi su rufe sama. Ya ga wasu dabbobi masu kama da dorina, da haure biyu dogaye, suna kwance kan juna suna gurnani. Duk sa'ad da ya tsaya kallo, sai wani Bature ya matso da kyamara ya ɗauke shi. Holm yakan dafa kafaɗarsa yana yi musu bayani, su yi dariya. A hankali Muniru ya lura matuƙan jirgin ma suna fiɗa, sun kuma fi shi sanin dabbobin ƙasarsu. Nan ya tuna tambayar Barkisu.

Ranar da suka ga beyar, tana tafe kan ƙanƙara da ɗanta a baya. Ba ta gudu ba, ta tsaya tana shinshina iska. Holm ya harbe ta daga kan jirgi. Aka kama ɗan da igiya aka sa a keji, aka sauke Muniru da wuƙarsa.

Iska na busawa, ruwa na fallatsowa kan ƙanƙarar. Wani matuƙi ya miƙa masa safar hannu mai kauri, amma Holm ya girgiza kai. Yana son fuskar dabbar ta fito cif, da leɓe da fatar ido, yana kuma son a ɗauki hoton baƙin hannu a kan farin gashi. Muniru ya yi aikin da hannu tsirara. Kafin ya kai wuya ya daina jin yatsunsa. Bai san wuƙar ta shige shi ba sai da ya ga jini na ɗiga a inda bai yanka ba.

Aka shanya fatar a kan jirgi kusa da kejin. Ɗan beyar ya yi ta zura hanci ta tsakanin sanduna yana kuka irin na jariri. Muniru aka sa ya riƙa ba shi madara. Bai sha ba, ya mutu kafin su juyo, aka jefa shi teku.

Yankan kuwa ya kumbura, ya yi ja, ya hana shi barci. Matuƙan suka duba suka kaɗa kai, sun san ciwon, kitsen dabbobin ƙanƙara ke kawo shi. A asibitin garin da suka fara sauka, likita ya yanke masa babban yatsa da manuni na hannun dama.

Zongo ta tarbe shi da murna. Brimah ya tara mutane a ƙofar gida yana ba da labari kamar shi ya je, wai ƙanensa ya yi kokawa da dabbar ta cinye masa yatsu.

"Yaya, ba haka aka yi ba," in ji Muniru. "Uwa ce da ɗanta. Tana tsaye aka harbe ta."

"Yi shiru, kai ba ka iya ba da labari ba."

Da ya je wurin Malam Iddi, limamin unguwa, ya tambayi hukuncin azumin da ya yi yana shan ruwa da agogo, malamin ya saurare shi da kyau, ya ce ya rama don ya huta da shakka. Amma waɗanda ke zaune a wurin suka fita da maganar. Kafin mako ya kewayo, ana cewa sanyi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wai ya je inda rana ba ta faɗuwa.

Ya gwada riƙe wuƙa da yatsu uku, ya gwada da hagu. Fatar farko ya huda ta wuri huɗu. Mahaucin da ya kawo ta bai sake kawowa ba.

Damina biyu bayan haka Holm ya aiko a kira shi. Muniru ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi unguwar Turawa, yana tsammanin ko aikin gadi za a ba shi. Ya tarar da fatar a shimfiɗe a falo. Laimar Kumasi ta cinye ta, ta koma rawaya, gashin na zubewa, tana wari.

"Ka gyara mini ita," in ji Holm da 'yar Hausarsa.

Muniru ya ɗaga hannun dama ya nuna masa. Baturen ya duba.

"Af, haka ne. To, ka san wani mai kyau?"

Muniru ya ce bai sani ba. Ya fito ya taka da ƙafa har Zongo. Ya tarar da Barkisu na shirin fita da tukunyar koko, ya sunkuya ya ɗaukar mata kwandon ƙoƙuna, ya rataya a gwiwar hannu.

"Maigida, mutane za su gan ka."

"Su gani," ya ce. "Mu je."