Buhu Huɗu a Bayan Zabuwa

Shekara ashirin da biyu Ɗalha yana gyaran birki a bakin titin Kankia, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Direbobin bas da na akori-kura sun san shi da ɗacin baki da kyan hannu. Don haka da ƙanensa Nasiruddeen ya kamu da ciwon tseren mota, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai haɗa masa birki.

Ɗalha bai so abin ba, kuma bai ɓoye ba. Magidanci mai 'ya'ya biyu, ma'aikacin sakatariya, ya rasa abin so sai gudu a fili ba wanda ya biyo shi! Amma Nasiru irin mutanen nan ne da kana yi musu faɗa suna dariya har ka gaji ka taya su. Motar tasa tsohuwa ce, ƙarama, jikinta duk ɗigo-ɗigon faci, shi ya sa ake ce mata Zabuwa. An fidda kujerun baya da duk abin da zai ƙara mata nauyi, aka yi waldar bututun ƙarfe a ciki.

Ranar Laraba motar Kano ta sauke musu wani kwali. Akwatin feda ne na motocin tsere: kuloci da birki da totur a jikin firam ɗaya. Birkin yana da masta biyu, wato famfunan da ke tura man birki, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, a tsakaninsu wata 'yar sanda mai zare. In ka murɗa ta hagu, ƙarfin birki ya koma gaba, in ka murɗa dama ya koma baya.

"Yaya, ka ga aikin Turawa," in ji Nasiru.

"Na gani. Ƙarhe ne, ba aljani ba."

Kwana biyu Ɗalha ya yi kansa na ƙarƙashin sitiyari. Ya huda ƙasan motar, ya ƙara mata faranti don kada ta lanƙwashe in an taka da ƙarfi, ya ja sababbin bututun mai, ya fidda iska sau uku. Yana cikin haka Rahma, matar Nasiru, ta biyo ta garejin daga asibiti da goyonta, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Yaya, ni na yi magana har na gaji. Amma tunda kai za ka ɗaura, hankalina ya kwanta."

"Tahi gida," ya ce, bai ko fito da kai ba. "Birkin da na ɗaura bai taɓa cin amanar kowa ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko suka nufi Rimaye, don su gwada motar a kan burji irin na filin tseren da za a yi washegari, su kuma gaida mahaifiyarsu. Inna ta zagaya Zabuwa, ta leƙa ciki, ta ga fili fetal.

"Mota ba wurin zama? Tau, ta yi daidai. Ga dawarku can buhu huɗu, biyu naka, biyu na yayanka."

"Inna, motar tsere ce hwa."

"Tseren shi ya hana ta ɗaukar dawa?"

Nasiru ya yi dariya. A Rimaye mota ba ta fita gari wayam, balle uwa ce ta yi magana. Nasiru da kansa ya ciccibi buhunan ya jera a baya, yana nishi yana tsokanarta.

A hanyar dawowa suka yi saitin. Nasiru ya kwasa da gudu ya danne birki, tayoyin gaba suka kame, motar ta zarce tana jan ƙasa. Ɗalha ya sunkuya ya murɗa sandar dama. Aka sake, aka kuma sakewa. Sai a murɗi na bakwai Zabuwa ta tsaya cak, a miƙe, tayoyi huɗu suka kama tare. Ɗalha ya ɗaure noti tamau, ya ɗiga masa jan fenti, alamarsa ta cewa an gama, kada wani ya taɓa.

Ba mantawa ya yi da buhunan ba. Bai ma gan su a matsayin wani abu ba. Tun da ya fara riƙe sifana bai taɓa gwada birkin motar da ba kaya a bayanta ba. Motar da ya sani ita ce mai hatsi, mai awaki, mai mutum goma sha takwas. A wurinsa haka mota take.

Da hantsin Asabar aka taru a gefen Mawashi, cikin ƙasar Kusada, a gonakin da aka gama girbewa aka share. Masu tsere sun zo daga Katsina da Kano, 'yan kallo har kan bishiyoyi. Hanyar miƙaƙƙiya ce mai tsawo, sannan kwana mai tsini a bakin wani tsohon rami da masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa. A nan Ɗalha ya tsaya, don ya ga birkinsa yana aiki.

Aka ɗaga tuta. Zabuwa ce ta uku, kafin rabin hanya ta zama ta biyu. Ɗalha, wanda ya rantse ba zai yi murna ba, ya ji bakinsa na buɗewa. Sai idonsa ya sauka a kan gindin motar. A ɗage yake, yana tsalle, akwai tazarar tafin hannu tsakanin taya da jiki. Jiya ba haka yake ba. Jiya a danne yake da buhunan dawar da suka sauke da suka iso gida.

Nan take ya gane. Murɗi bakwai zuwa baya, kuma bayan babu komai.

Ya faɗa hanya da gudu yana ɗaga hannuwa, yana kiran sunan ƙanensa. Mutane suka ɗauka kirari yake yi, suka taya shi da ihu. Nasiru ya iso kwanar ya taka birki yadda suka gwada jiya. Tayoyin baya suka kame, gindin ya wuce gaba, motar ta juya a karkace ta daki bakin ramin, ta wuntsila sau biyu ta faɗa.

Ɗalha ne ya fara isa. Bututun ƙarfen da aka yi wa walda a cikin motar bai ko lanƙwashe ba, jan fentin na nan a kan noti. Wuyan Nasiru ne ya karye. Kafin a kai shi Kankia ya cika.

A gidan Nasiru aka yi zaman makoki. Masu ta'aziyya suna ta cewa kwana ne ya ƙare, Ɗalha yana amsawa da kai. Ran sadakar uku Inna ta aika a kira shi cikin gida. Bai kai ga zama ba muryar Rahma ta fito ta bayan labule, a dishe.

"Yaya, kada ka sa wa ranka komi. Na san ba daga birkinka ba ne."

Ya buɗe baki. Kwana uku maganar na maƙogwaronsa, yana so ya furta ko a tsine masa ya huta. Sai Inna ta turo masa kwanon tuwo.

"An ce ba ka sa komi a cikinka ba. Ci. Dawar nan ce da ya ɗauko da hannunshi. Ita ce aike na ƙarshe da na yi mashi, bai yi mani gardama ba. Da ita nike rarrashin zuciyata."

Ɗalha ya dubi tsohuwar. In ya faɗa, buhu huɗun nan a kanta za su koma, da su za ta shiga kabari. Ya haɗiye maganar, ya jawo kwanon, ya yi bismilla ya yanko loma. Inna tana zaune tana kallonsa, bai samu ya tashi ba sai da ya cinye duka.