Kayan Aro a Garejin Injiniya

Shekara bakwai mijin Malama ya yi yana gyaran wata tsohuwar jif a garejin gidansu, ya kuma rasu motar ba ta taɓa fita da ƙafafunta ba. Mai haɗa magani ne a asibiti, amma abokansa, masu hawa duwatsu da ratsa laka da tsofaffin motoci duk ƙarshen mako, Injiniya suke ce masa, shi ma ya fi saurin amsa wannan sunan.

Ya ɗaga motar har sai an taka benci ake shiga. Ya yi wa shasinta walda, ya sa mata tayoyi masu kaushi kamar diddigen manomi, ya fenta ta kore. Kullum aka tambaye shi, saura kaɗan. Ya yi wa Malama alkawarin ranar da motar ta tashi ita ce za ta fara zama a gaba, su hau hanyar dutsen bayan gari. Tun a shekara ta uku ta ɗauka ta daina jira. Sai da ya mutu ta gane ashe ba ta daina ba. Abu ɗaya take so: a ƙarasa motar, a kai ta saman dutsen nan sau ɗaya tana ciki. Bayan haka a sayar, ko a cinna mata wuta.

Dogo ne ya fara zuwa a cikin abokan. Ya yi kuka na gaske, har da majina, sannan ya roƙi mukullin gareji don ya ga aikin hannun amininsa. Da ya fito sai ya tsaya yana murza hula. Ya ce yana jin nauyin faɗa, amma wincin da ke gaban motar, abin nan mai wayar ƙarfe da ke fizgo mota daga taɓo, nasa ne, aro ya ba marigayi. Su a tsakaninsu ba a rubutu, in ji shi, kowa ya san na kowa. Malama ta ce ya ɗauka. Ta ma ba shi haƙuri.

Bayan kwana huɗu wani abokin da suke kira Lauya ya zo da ta'aziyya a baki da sifana a aljihu, ya tafi da shokozoba huɗu. Wani gajere da ba ta taɓa gani ba ya rantse kafireton nasa ne. Ungulu dai ba ta jewar banza. Shekara talatin Malama tana koyarwa, ta bayan kunne take gane yaron da ke mata ƙarya, amma ba ta san kafireto daga lagireto ba, kuma duk wanda ya zo ya san inda kayan yake da lambar sifanar da ke kwance shi. Yaya za ta ƙaryata mutumin da ya san garejinta fiye da ita? Ranar da Dogo ya dawo ya ce ya tuna tayoyin ma nasa ne, ta tambaye shi ko marigayin shi ma aron sa aka ba ta. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce Malama ba ta rabo da barkwanci, ya ɗora motar a kan bulo.

A mako na shida ta sa wa garejin kwaɗo, ta aika a kira mata Baba Makaniki, tsohon da ya koya wa mijinta riƙon sifana. Ya zo da safe, ya kewaya motar yana leƙa kowane gurbi kamar mai ƙirga haƙoran da suka zube. Ya ce motar ta yi rama, amma ba ta mutu ba. Tunda inji da giyabos suna nan, zai iya tsinto sauran a wurin masu tsofaffin kaya, cikin wata uku ya fito da ita. Malama ta ce ta gode Allah, injin dai nasu ne, tana nan ranar da aka sauke shi daga bayan akori-kura, mijinta yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Tsohon ya zaro tsumma ya goge gefen injin, wani ɗigon fenti rawaya ya fito daga ƙarƙashin baƙin mai. Ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, faɗa mini. Na saba ji."

Ya ce akwai wani a cikin abokan mijinta da ake kira Mai Gilashi, shi ke ɗiga wa duk kayansa rawayan fenti don kada su ɓace masa. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Kwana tara da binne shi Injiniya ya je wurin matarsa, ya ce injin nasa ne, aro ya bayar.

"Aron ne?"

"'Yata, ni na kai sarƙa da kwangirin da aka ɗaga shi da su. Ban tambaya ba, don na sani."

Malama ta zauna a kan benci. Ta tuna mijinta ya dawo daga gidan makokin nan yana cewa matar ta ba shi tausayi ƙwarai. Ta yi ƙoƙarin jin haushin Dogo kamar yadda ta ji shi jiya, haushin bai zo ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Baba Makaniki ya ce kada ta sa abin a zuciya, haka ake yi a cikinsu tun kafin mijinta ya shiga. Inji ne lafiyayye, ba za a sami irinsa ba, in aka cire shi motar ta zama gwangwani. Babu wanda zai zo nemansa. Wata uku kawai.

Ta tambaye shi ko matar Mai Gilashi tana da rai. Ya ce tana nan, a wani ɗaki a gidan ɗanta, idonta ya soma rauni.

"Sarƙar taka tana nan?"

"Tana nan."

"Gobe ka zo da ita, ka cire shi ka kai mata."

Tsohon ya ninke tsumman, ya warware, ya sake ninkewa. "To ita me za ta yi da inji?"

"Abin da nake yi da shi," in ji Malama. Ta miƙa masa mukullin kwaɗon, ta ce in ya gama ba sai ya rufe ba.